Rumbun da Ya Zauna a Ƙasa

Asiya ta iso Sakajiki da hantsi, ɗauke da goron da mahaifiyarta ta aiko wa kakanta, Malam Maccido, fuskarta a murtuke tun daga Ƙaura. Kwana uku ke nan da ta saka zanen da ta yi masa, yana zaune a gindin rumbunsa, a zauren masu zane na Fesbuk. Mutum arba'in suka yaba, mutum ɗaya ya yi gyara, ita kuwa maganar ɗayan nan kaɗai ta haddace. Ta gama shawara: yau za ta fice daga zauren, ta jingine fensir gaba ɗaya. Mai goya mata baya kawai take nema.

"Lahiya lau, ya gajiyar hanya? Amarya, wanga baki da kinka turo, babur guda ya ɗauko ku ko biyu?"

"Guda, Tsoho. Kai kuma har yanzu kana nan? Ni da na zo rabon gado."

"Sai na ga jikokinki. Miƙo goron, kar ki ce ya zube bisa hanya."

Ta miƙa, ta zauna a bakin tabarma, ta tura masa wayar. Ya riƙe ta can nesa da ido yana ƙyafƙyaftawa.

"Wanga kyakkyawan saurayi ni ne, na gane. To mi anka yi?"

"Wani Lukman ne daga Maraɗi. Ji abin da ya rubuta: 'Inuwar ta yi kyau ƙwarai, amma a ƙasa kika girke rumbun nan. Ki je ki sake duba gindin rumbu.' Ka ji raini, ni jikar manomi."

Malam Maccido ya matso da wayar, ya ƙura mata ido. Sai dariya ta ƙwace masa har goro ya sarƙe shi.

"Allah shi yi ma yaron ga albarka. Ke, da haka rumbuna yake, da gara ta cinye geron tun kahin uwarki ta yi haƙori. Tukunya kinka zana, kinka aza mata hula."

"Au, kai ma bayanshi kake?"

"Tashi ki duƙa."

"In duƙa ma wa? Ko sisin sadaki ban gani ba."

"Ma rumbu. Shi ya ciyar da ke har kinka samu bakin rashin kunya."

Ta duƙa, ba don ta so ba. Ga manyan duwatsu a jere, rumbun yana zaune a kansu, iska na wucewa ta ƙasa, har haske na ratsowa daga ɗaya gefen. A nan ta yi wasan ƙasa tana yarinya, amma ba ta taɓa kula ba. Kunya ta kama ta sosai, can kuma daɗi ya biyo baya, don ta ga abin da zanen ya rasa.

Tsoho kuwa ya samu fili, ya gyara zama. "Arba'in sunka ce ya yi kyau, guda ya aiko ki gindin rumbu. Wa ya dubi zanen cikinsu? Mutum in anka yi mai gyara, godiya yaka yi. Ni haka nike tun ina yaro."

"Madalla. To bari in ƙarasa maka, da saura." Ta share murya. "'Sannan fuskar tsohon ta yi sumul kamar ta ɗan talatin. Ina tamojinsa? Ai shekarunsa ne kyan zanen.'"

Taunar goron Tsoho ta tsaya cak.

"Wa ya tambaye shi? Goge shi. Mi ya sani ga zane?"

"Yanzun nan ka sa mai albarka."

"Rabin maganar na sa ma."

"Kai ka matsa in cike maka baki, na jera haƙora talatin da biyu. Alhali huɗu gare ka, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Biyar. Akwai guda can ciki, na aje shi don naman Layya."

Asiya ta yi dariya har da hawaye. Kafin ta sake shawara, ta rubuta wa Lukman: "Na je na duƙa, na gani. Na gode, zan sake." Ta tura, ta ciro takarda da fensir daga jaka.

Malam Maccido ya yi ta harararta, sannan shi ma ya kece da dariya. Ya ture hular baya, ya juyo da fuskarsa wajen haske.

"Kun ci, ke da mutumin Maraɗi. Zana tamojin dut, kowane da damanar da ta kawo shi. Amma wanga babba na goshi naki ne. Ranar da kinka ɓace mani kasuwar Shinkafi, kina shekara huɗu, ya hito."

Asiya ta dube shi, ta gyara riƙon fensir.

"To daina motsi, Tsoho," ta ce a hankali. "Da shi zan fara."