Awa Uku a Bayan Saniya

Ina digiri na biyu a Samaru, malaminmu ya ce shanu na cikin manyan masu fitar da iskar methane mai ɗumama duniya. Na bugi ƙirji na ce ni zan ɗebo ta, ai a ƙauye na tashi.

Na je garken Baffa Jauro a Basawa, na durƙusa bayan wata saniya riƙe da leda. Ko ƙafa ta motsa sai in ja da baya. Awa uku, ledar ba ta kumbura ba.

Baffa ya gaji da kallona, ya ce, "Ɗan boko, zagayo gaba. Gyatsa take yi."

Har yau in saniya ta gifta, abokaina sai su ce, "Ga mutuniyarka, ina ledar?"