Rasuwar Jan Maɓallin Ƙofar Lambu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai ban-ruwan lambun shaƙatawa, a madadin kansa da duk masu zaman bakin ƙofa, yana sanar da rasuwar Jan Maɓalli, na'urar kiran gaggawa da ke jikin shuɗin ƙarfen nan na kusa da famfo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayin ba shi da girman kai. Ƙasa-ƙasa aka kafa shi, daidai hannun mai keken guragu, kuma ko da gwiwar hannu aka taɓa shi yana amsawa. Makaho mai sayar da turare ya sha shafa ɗigo-ɗigon rubutun jikinsa da yatsa, ya kuma shaida bai taɓa yi masa ƙarya ba. Kurmar da ke sharar lambun ba ta san muryarsa ba, amma in fitilarsa ta koma kore ta san an ji ta. Shi ya kira motar asibiti ranar da naƙuda ta kama wata baiwar Allah a kan benci, bai nemi ko sannu ba.

Sai dai duk cikin masu makoki babu kamar mai ban-ruwa. Aikinsa ne kowace safiya, kafin ya ja tiyo, ya danna marigayin don a tabbatar yana numfashi. Sai a ji: “Ƙirrr… ƙit. Muna jin ka, me ya faru?” Muryar mace ce daga ofishin agaji. Da farko yakan ce gwaji ne, ya wuce. Da tafiya ta yi nisa aka ƙara ina kwana. Daga baya aka shigo da ya gajiya, ya furanni, har wata rana muryar ta yi masa faɗa kan tarin da ya ƙi kaiwa asibiti. Shi da ya binne matarsa da daɗewa, ba a ƙara jin dariyarsa ba, sai ga shi yana wanke hula saboda na'urar da ba ta da ido. Bai san fuskar mai muryar ba. Bai tambayi lambarta ba, don a cewarsa maɓallin ba ya bukatar lamba. Yayarsa, mai sayar da lemo a bakin ƙofar, takan ce masa autan banza, mutum ya tsufa yana zance da ƙarfe.

Ciwon ajali ya fara ne da tururuwa da suka tare a cikinsa ba haya. Muryarsa ta dishe, “muna jin ka” ta koma “mu… ka”. Masu gyara sun zo, sun buɗe cikinsa, sun girgiza kai. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “ƙit”.

Ya bar benci guda, da famfo, da tururuwa marasa kunya, da magajin da ke hanya cikin kwali. An ce magajin ɗan zamani ne, shi ke gwada kansa da kansa, ba ya bukatar yatsan kowa da safe, kuma danna shi ba dalili laifi ne. Tun da mai ban-ruwa ya ji haka yake ba fure ɗaya ruwa har ya kusa nutsewa. Abin da ya ɗan farfaɗo da shi, babban mai gyara ya ce wata a ofishin agaji ta tambaya ko mai tarin nan ya warke.

Za a kwance marigayin ranar Asabar da hantsi, a kai shi makwancinsa a bayan motar masu gyara. Nan take za a kafa magajin a daidai tsayin mahaifinsa. Ƙa'ida ta ce dole mutum ya danna shi sau ɗaya tak ranar kafawa, an kuma tabbatar mai muryar ce ke bakin aiki. Makaho da kurma sun yafe wa mai ban-ruwa wannan dannawar. Ana roƙon masu ta'aziyya su ja baya kaɗan su yi shiru, don mai makokin ya kwana uku yana bitar magana a gaban famfo.

Yayarsa kuwa ta ce a rubuta nan kowa ya shaida: in ya buɗe baki ya ce gwaji ne, ita za ta ture shi ta faɗi sauran.