Ranar Da Na Miƙe Wa Tafin Da Ba Nawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa babbar riga na tafi makarantar su Nafisa karɓar yabo ba, yabon da babu wanda ya ce za a yi mini.

Nafisa 'yata ce, shekararta sha shida. Malamarsu ta adabi ta ba su aiki: kowa ya ɗauki tatsuniyar wani jarumin Girkawan da, ya sake rubuta ta da mutanen wannan zamani. Wata Asabar ina cin tuwo ta ce, "Baba, shekara nawa ka yi a ƙasar nan kafin ka kawo mu?" Na ce goma. Ta ce, "Daidai ke nan." Sai ta ba ni labarin wani sarki da ya tafi yaƙi, aka gama, ya yi shekara goma yana gararamba a teku kafin ya koma gida. Dodanni, guguwa, babu masifar da bai gani ba.

To, ni wa zan hango in ba kaina ba? Shekara goma dai na yi. Teku kuma kullum sai na ƙetare ta, don jirgin ruwa nake shiga daga unguwarmu ta St. George zuwa Manhattan wurin aikina na gadi. (Na sani, tafiyar ba ta kai rabin awa ba, kuma a kujera nake zaune, amma ruwa ai ruwa ne.) Nan na ture kwano na shiga zuba: sanyin shekarar farko da ya kusa cire mini kunne, ɗakin da muka cusu mu shida a Bronx, wahalar takardu. Inda labari ya yi lami na ƙara gishiri. Yarinya tana ta gyaɗa kai. Sai daga baya na tuna ko biro ba ta ɗauka ba. Mamanta, Rabi, tana gefe tana kalmasa bakin wani zane.

Da aka zaɓi labarin Nafisa cikin waɗanda za a karanta a gaban iyaye, na gayyaci abokaina biyu, Alhaji Sani mai tasi da Iddirisu mutumin Kumasi. Na ce musu yarinya ta rubuta tarihina. Iddirisu ya ce, "Kai Malam, ashe da jarumi muke shan koko ba mu sani ba!" Wallahi na ɗauka yabo ne.

Ranar na sha shadda da hula, na fesa turare, muka zauna a layi na uku. Da aka zo kan Nafisa, malamar ta karɓi makirfo ta ce wannan labarin daban yake, domin na gaskiya ne, kuma mai labarin na nan zaune cikinmu. Ban bari ta ƙarasa ba. Na miƙe tsam, na saɓa riga a kafaɗa, na juya ina ɗaga wa jama'a hannu, dama da hagu. Aka fara tafi. Alhaji Sani yana ɗaukar bidiyo yana cewa, "Sai kai!" Na ji ana jan gefen rigata, na ce a raina Rabi da kunya take.

Sai muryar Nafisa ta fito ta lasifika, da Hausa tsantsa: "Baba, zauna. Mama ce."

Tafi ya mutu. Malamar ta yi murmushin tausayi ta kira sunan Rabi. Na koma zan zauna, ashe kujerar irin mai naɗewa ce, ta riga ta naɗe. Da Iddirisu bai tare ni ba da a ƙasa zan ji sauran labarin.

Ashe shi wancan sarkin yana da mata da ya bari a gida, ana ta matsa mata ta yi wani auren, ita kuma tana cewa sai ta gama saƙar da ke hannunta. Wannan matar ce Nafisa ta ɗauka. A labarinta ta mayar da ita tela a Zariya, da keken ɗinki da jaririya a baya. Da shekaru suka miƙa, yayyenta suka ce ta je kotu a raba auren, wannan mutumin ba zai waiwayo ba. Ta ce to, bari ta gama ɗinkin mutane tukuna. Kafin ta gama wani, ta karɓi wani, ba ta taɓa bari teburin ya zama fayau ba. Shi kuwa gogan naku, layi biyu ya samu a duk labarin: wata murya ce a waya, duk Juma'a tana cewa, "An kusa, ku ƙara haƙuri."

Kunyar miƙewa daban, wannan daban. Wannan ta fi ciwo, domin ni ban san an yi haka ba. Da Rabi ta tashi, rabin tashi ma ta yi, ta ja mayafi ta koma. Tafin da aka yi mata ya ninka nawa.

A bakin ƙofa Iddirisu ya dafa ni ya ce, "Malam, kar ka damu, ka dai fito a ciki." (Bidiyon kuwa kafin la'asar ya zaga duk abokanmu. Har yau in na shiga masallaci wani sai ya ce a ba jarumi hanya.)

A bas muna komawa na ce, "Maman Nafisa, da gaske su yayanki Bala sun ce a raba?"

Ta ce, "Sau uku."

"Shekara shida muna gida ɗaya, ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ai kullum kai ke ba da labari, Malam. Yaushe ka tambaya?"

Tun daga ranar dai, ko a ina na ji an ce jarumi ya tashi, sai na fara duba wadda ke zaune kusa da ni.