Dutsen Gwamnati a Ƙarƙashin Tukunya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara maza a tsakar gidana da bakina, suka zo suka ga abin da na aikata. A Unguwar Kanawa ne, shekarar da motoci suka koma tuƙin dama, wata biyar da rasuwar maigidana.

Malam, maigidan nawa, masinja ne a ofishin gwamnati. Abin da ya bar mana gidan nan ne mai ɗaki biyu, da rijiya a jikin darni, da 'ya'ya uku. Da ciwo ya kwantar da shi ya sha ce mini, "Kada maganar fili ta dame ki. Muddin dutsen gwamnati yana wurinsa, ba mai taɓa ku." Ban taɓa tambayarsa kamannin dutsen ba. Gani nake in na tambaya, na yarda ke nan zai tafi. (A raina wani dogon abu ne mai fenti, irin na bakin titi, yana can bayan darni.)

Maƙwabcinmu Malam Lawal ne, Bakatsine, direban babbar mota. Ni da matarsa Hajara dama ba ma shiri, saboda ruwan wanke-wankenta da ke gangarowa ƙofata. Saura kwana goma in fita takaba na ji sara a bayan gida. Na leƙa ta darni, sai ga igiya an ja, za a yi katanga, ta bi dab da bakin rijiyarmu. Ba halin fita, ba halin in yi wa namiji magana. Kwana goman nan haka na yi su ina leƙen igiyar ta darni. In aka raba marayu da rijiya, ina za mu dosa?

Na aika wa yayan Malam, Yaya Sani, ya zo daga Rigachikun. Ya bi iyaka a tsanake, ya dawo ya ce ba dutse, sai wani ɗan rami a kusurwa. "An tone shi," in ji shi. Bai ambaci sunan kowa ba. Ni na ambata.

Mai unguwa ya so ya sasanta mu, na ƙi. Ina fita takaba na kai ƙara. Alƙali ya ce, "Kin gan shi yana tonewa?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban gani ba. Amma wa zai tone in ba mai son rijiya ba?" Malam Lawal ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban san mi ya same shi ba. Ni da marigayi muka tsaya aka kafa shi." Alƙali ya ce muhuti, wato mataimakinsa, da ma'aunin fili su je su duba. In ba a ga dutse ba, sai rantsuwa da Alƙur'ani.

Ranar da za su zo na ɗora babbar tukunya ta shinkafa da wake, don kada a ce gidan Malam ya mutu da shi. Suka yi sallama da hantsi: muhuti, da ma'auni da takardarsa, da Yaya Sani, da Malam Lawal a baya. Hajara kuma tana leƙe ta darni. Suka tona nan, suka tona can. Na gyara mayafi na ce wa ma'auni, "Malam, wai yaya dutsen yake ne?"

"Ai ba dutse ba ne sosai, Baba. Curin siminti ne, bai kai kamu ba. Da ƙusa a tsakiyarsa, da lamba a kai."

Ranar sadakar arba'in ta faɗo mini. Mata sun ce dutsen murhu ɗaya ya yi wa babbar tukunya gajarta. Ni kuwa neman abin da zan sa hannuna nake yi don kada in sake fashewa da kuka. Na ɗauki fartanya na tono wani curin siminti da ya daɗe yana sa ni tuntuɓe a kusurwa. (Har yaba mini aka yi, wai ya zauna daidai.) Tun ranar yake murhuna.

Me na yi? Na ja da baya a hankali, na tsaya gaban murhun, na baza zani. Hayaƙi yana shiga idona, wake yana tafasa a bayana, ina roƙon Allah su gaji su tafi. Sai muhuti ya kaɗe hannu ya ce, "To, babu. Malam Lawal, gobe ka zo da alwala."

Na dubi Malam Lawal, mutumin da ya ɗauki makarar mijina. Na ce, "Ku dakata." Na sa tsumma na sauke tukunya, na nuna musu. Ga shi nan baƙi ƙirin, ƙusa a tsakiya. Ma'auni ya kankare toka da tsinke, ya karanta lambar, ya dubi takardarsa, ya sake karantawa. Yaya Sani ya ɗaga kai yana nazarin sama. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Malam Lawal, ka yafe mini." Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. A bari ya huce tukuna, kada ya ƙone ma'aikaci."

Da aka mayar da dutsen raminsa aka gwada, igiyarsa a kan iyaka take, ko taki bai ci ba, rijiya kuma tamu ce. Washegari na koma gaban alƙali na janye ƙara, ya sa na maimaita dalili sau biyu, wai bai ji ba. Hajara ba ta yafe da wuri ba. Shekara guda, duk ta ji na hura wuta sai ta ɗaga murya ta kan katanga, "Maman Asabe, yau iyakar wa za a dafa?"

Tun daga lokacin, in abu ya ɓace mini, sai na sauke tukunya na duba kafin in kama sunan wani.