Alƙalami Marar Tawada a Bikin Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Yohanna a Kwoi ba, ko da ma na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba.

Ni da Yohanna tun firamare muke tare a Kafanchan. Babana yadi yake sayarwa a kasuwa, nasa kuma ma'aikacin reluwe ne. Da zai yi aure, a tsakiyar shekarun casa'in, sai ya ce ni zan yi jawabi a madadin abokan ango. Kawunsa, Baba Danladi, ya ce sam. A lokacin zukata ba su gama hucewa ba daga rikicin addinin da aka yi a yankinmu, tsohon kuma ya ce ɗan Hausawan kasuwa da ko gaisuwar Jaba bai iya ba, me zai faɗa wa dangi? Yohanna ya kafe, har da yi masa alkawarin cewa da yarensu na Jaba zan buɗe jawabin. (Bai tambaye ni ba kafin ya yi alkawarin, ku lura.) Mutuncinsa ke nan a gaban danginsa ya ɗora min a ka, ni da ko karatu aka ce in yi a aji sai muryata ta kama rawa.

Abin da na dogara da shi wata 'yar na'ura ce da yayana ya aiko min daga Legas. Ba ta fi tafin hannu da kaɗan ba, tana da gilashi da alƙalamin roba marar tawada, kana rubutu a kan gilashin tana adanawa. Abin da ya ƙara ruɗa ni, tana barin mutum ya tsara mata alamun hannu da kansa. Ni kuwa da ɗan gyaran rediyona ji nake injiniya ne, sai na zauna na yi tsari: da'ira ta buɗe rubutu, layi zuwa ƙasa ya juya shafi, zane sama da ƙasa da sauri, irin na mai soke kuskure, ya goge. Da farko in za ta goge sai ta tsaya ta tambaya ko na tabbata. Tambayar nan ta riƙa ba ni haushi. Ni da kayana? Na cire ta.

Rifkatu, ƙanwar Yohanna, ita ta koya min gaisuwar, ina rubutawa yadda kunnena ya ji. Ta ce, "Yaya, ka haddace mana, ko ka kwafa a takarda." Na ce mata takarda ta mutanen da ce. Ko layi ɗaya ban haddace ba, sauran jawabin ma duk a cikin na'urar na zuba.

Ranar biki ta zo. Shinkafar da aka ajiye min bayan an fito daga coci ko kallonta ban yi ba. An kafa rumfa a filin makaranta, matan zumuntar coci suna ta waƙa, ni kuma ina zaune ina taɓa aljihu kamar wanda ya yi sata. Da aka kira ni, Baba Danladi na fara gani a sahun gaba, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Na ciro na'urar, aka ce, "Kai!" Na yi da'ira, rubutu ya fito. Na karanta layin farko da yaren Jaba, tsofaffin mata suka saki guɗa, Yohanna ya ɗaga min babban yatsa. Wallahi har na fara jin daɗin kaina.

Sai na ja layi zuwa ƙasa don juya shafi. Shiru. Na sake ja. Shiru. Gumin hannuna ya jiƙa gilashin, jama'a suna jira.

To don Allah, me mutuminmu yake yi in biro ya ƙi rubutu? Hannuna bai nemi shawarata ba. Na hura wa bakin alƙalamin iska (roba fa!), na girgiza shi, sannan na goga shi sama da ƙasa da ƙarfi yadda na saba tun ina aji ɗaya. A nan ne na'urar ta ga dama ta ji ni. Ba ta tambaya ko na tabbata ba, ai ni na hana ta. Gilashin ya koma wayam.

"Innalillahi!" na ce, kai tsaye cikin makirfo, a gaban fasto da dattawan coci. Baba Danladi ya ce, "To, ina sauran?" Na kalli Yohanna, ya sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi min komai ciwo. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kakar ango ce ta ɗaga sandarta ta ce da irin Hausarsu, "Yaro, injin naka ya mutu? Ajiye shi. Kai ba ka mutu ba. Yi da Hausa, duk mu yana ji."

Aka fashe da dariya. Na mayar da na'urar aljihu, na buɗe baki ban san me zai fito ba. Na ce lokacin da gari ya rikice, a ɗakin mahaifiyar Yohanna na ɓuya, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, sai kuka ya ƙwace min, har da majina. Haka aka riƙo ni aka zaunar.

Da za mu tafi, Baba Danladi ya tare ni a bakin mota. Ya ce, "Jaba ɗinka layi ɗaya ne, amma ya yi. Alƙalaminka ne ba shi da tarbiyya." Ya zaro biro daga aljihu, ya goga shi sama da ƙasa a tafin hannunsa ya ga yana rubutu, sannan ya miƙo min.

Tun a cikin mota na mayar wa na'urar tambayarta. Na gane hannu ya girme ni, kuma ba ya jin maganata in ya tsorata. Har gobe duk na'urar da ta ce min ko na tabbata, sai in tsaya in amsa mata da ladabi cewa gaskiya ban tabbata ba.