Sunan Rakiya a Kayen Caca

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata a kwalejin da nake koyar da lissafi a Dungas. Shekara bakwai ke nan ina ɗan kwantiragi, wato malamin da ake ba ɗan abin da ya samu a ce masa ya ƙara haƙuri. Abu ɗaya nake jira a duniya: matrikil, lambar nan da in gwamnati ta ba ka, ka zama cikakken ma'aikaci. A shekarar sunana ya shiga cikin waɗanda za a duba. Abin da ya rage kawai, konseye mai zagayen duba malamai ya zo daga Magariya ya ga darasina ya sa hannu.

To, ga abin da ba wanda ya sani, har matata. Tun bayan damina na faɗa wani wasan karta da ake kira foka, wanda ake bugawa a waya da kuɗi. (Caca ce. A lokacin "lissafin yiwuwa" nake ce mata, saboda ni mushe ne, wato malamin boko, na yi karatu.) Na karanta a wani wuri cewa sirrin wasan yana wurin zaɓen abokan karawa: ka guji shafin gwanaye, ka nemi inda sababbin shiga da masu zafin kai suke taruwa, ka zauna kana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Sati biyu na yi ina gwada shafuka a lokacin hutun tara, a gindin gawon bayan aji inda rezo, sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi. Na bar na farko don mutanensa ba su da garaje, na ce gwanaye ne. Na biyu kuɗin zamansa ya fi ƙarfina. A na uku na tarar ana zuba kuɗi a kan kowace karta kamar an aiko su, har da alhamdu lillahi na ce, Allah ya yafe mini.

Shawarar ta ce ka riƙa rubuta halin kowane ɗan wasa. Sai na sayi kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, sak irin wanda nake shirya darasi a ciki. Matsalar ita ce sunayen mutanen, haruffa ne da lambobi a cakuɗe, ba mai iya riƙe su. Sai dabara ta faɗo mini (duk dabarar da ta zo mini a shekarar nan, da ta ɓata a hanya da ya fi mini). Na riƙa laƙa wa kowanne sunan ɗalibin ajina da halinsu ya zo ɗaya. Mai gaggawa ya zama Lawali Isa. Akwai wani kuma da ko tari ka yi sai ya ajiye kartarsa ya gudu. Shi na ba sunan Rakiya Habu, wata yarinya a layin gaba da aka kawo daga Dogo-Dogo ta zauna wurin gwaggonta don karatu. Ta fi kowa lissafi a ajin, amma ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ba.

Raunanan nan nawa kuwa, ikon Allah, kullum su ke tashi da kuɗina. Na ce sa'a ce kawai, lissafi zai rama mini. Waken da na noma ya tafi ina jiran lissafi, sannan motona, babur ɗin da nake hawa, ya bi shi. Na gaya wa matata da dirakta cewa yana wurin bakanike, ana jiran wani ƙarfe daga Kano. Wata uku ina zuwa lakwal a ƙasa, ƙarfen bai iso ba.

Ranar Talatar konseye ya zo, wani dattijo siriri mai tabarau, ya zauna a bayan aji tare da dirakta. Wallahi darasin ya yi kyau, ni kaina na ji daɗin kaina. Da na gama ya tako gaba ya ce, "Madalla, Mushe. Ba ni kayen shirin darasi." Na zura hannu a jaka na miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Ya buɗe. Ya gyara tabarau. Ya juya shafi, ya komo baya. Ni ina tsaye ina murmushi, ina zaton kyan rubutuna ne ya kama shi.

"Akwai Lawali Isa a ajin nan?"

Lawali ya miƙe.

Konseye ya karanta a hankali, kalma bayan kalma: "Jaki ne. Ba ya tunani kafin ya zuba kuɗi. A bar shi ya tara, a kwashe gaba ɗaya." Ya dube ni ta saman tabarau. "Kuɗin me kake kwashewa wurin yaron nan, Mushe?"

Sai a lokacin na gane kayen. Na cacar ne na miƙa masa. Yara suka fashe da dariya suna nuna Lawali, shi kuma yana rantsuwa ko dala bai taɓa ba ni ba.

"Rakiya Habu."

Ta miƙe a hankali, tana riƙe da bakin tebur.

"Matsoraciya. Ko abu mai kyau ne a hannunta ba ta san darajarsa ba. A ɗaga mata murya kawai. Irin wannan ba ta zuwa ko'ina."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Dirakta, mutumin kirki, ya taso da sauri ya rufa mini asiri. "Mushe konseye, ai salonsa ne. Raunin yara yake rubutawa don ya gyara, harshen ne ya yi kaifi. Ko ba haka ba, Mushe?"

Ga ƙofa an buɗe mini. In na ce haka ne, zan sha faɗa, wataƙila takardar gargaɗi, amma matrikil yana iya tsira. Ina son in ce muku nan take gaskiya ta fito daga bakina, amma ƙarya ce. Na tuna shekara bakwai ɗin nan, har na fara gyaɗa kai. Sai Rakiya ta yi magana, karon farko ba tare da an tambaye ta ba.

"Mushe, in haka ne, gara in koma gida in taya inna aiki."

Na ce, "Ba ke ba ce, Rakiya. Wani ne a waya, ban ma san ko namiji ne ko mace ba. Sunanki na ara. Caca nake yi."

Konseye ya ce, "Caca. A lakwal?"

"Lokacin hutu. Wani lokaci kuma in na ba su aiki a allo." (Ba wanda ya tambaye ni wannan. Bakina ne da ya buɗe ya ƙi rufuwa.)

"To waɗannan jakunan naka, me ka samu a wurinsu?"

Dirakta ne ya dafe kai ya ce, "Kai, Mushe! Moton ba ya wurin bakanike ke nan?"

"Yana wurin Lawali Isa," na ce. "Na wayar."

Dariyar da aka yi, sai da malamin ajin kusa ya leƙo. Konseye bai ko murmusa ba. Ya zaro jan biro ya yi rubutu a kayen, ya miƙo mini, ya mayar da takardar matrikil cikin jakarsa ba sa hannu. A gindin gawon nan na je na karanta. Sunana ya ƙara a ƙarshen jerin, ya rubuta a gabansa: "Wannan ba sai an yi masa dabara ba. Da kansa yake kawowa."

Ba a sabunta mini kwantiragi ba. Matata ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Yanzu ina auna wa wani ɗan kasuwa wake da gero ranar kasuwar Dungas, iyayen yaran da na koyar suna zuwa su ce "Mushe, cika mudun da kyau." Ba na jin zan sake riƙe alli, kuma wannan baƙin cikin ba ya raguwa.

Bara Rakiya ta biyo ta rumfarmu, ta wuce lise, babbar sakandare, a Magariya. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na sake ce mata, kamar yadda nake maimaitawa a raina kullum, wallahi ba da ita nake ba a kayen nan. Ta ce, "Na sani, Mushe. Amma da ba ka ga na yi kama da na wayar ba, ai ba za ka ba shi sunana ba." Ta sayi mudu biyu na wake ta tafi.

Darasin da na koya, tunda malami ba ya rasa darasi ko an kore shi: duk inda ka ga an tara wawaye an bar kujera ɗaya babu kowa, kada ka tambayi wa ake jira.