Chindo Mai Warware Jiri

"Ni Chindo, in na dubi mutum ido cikin ido, har ciwon da za ya kama jikanshi sai na hwaɗa maka!"

Haka ya faɗa a bakin kasuwa, yana dukan ƙirji. Kai da ba ka san shi ba, sai ka ɗauka wani babban lokotoro ne, wato likita. Ina! Mai tufkar igiya ne a ƙauyenmu, gabas da Tajaye. Iyakar karatunsa, wata rana ya ɗauko wa wani ma'aikacin asibiti jaka daga tashar Ƙonni, ya shaƙi warin magani, ya dawo gida yana tafiya da hannuwa a baya. Mu muna ce masa Lokotoron Kaba, shi kuwa rabin farko kaɗai yake ji.

To, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, saƙo ya zo daga hukuma a Illela: kowane gari ya zaɓi mutum guda a koya masa ba da magani, a damƙa masa akwatin maganin gari. Tun da Chindo ya ji zancen akwati, barci ya ƙaurace masa. Har ya sa matarsa Saude ta share wa akwatin wuri a ɗaki.

Maigari Malami ne mai zaɓe, amma kowa ya san ba ya ƙetare maganar yayarsa, Goggo Delu. Ita kuwa jiri ya sa ta gaba. Da ta juya a kan gado ko ta ɗaga kai da sauri, sai ɗaki ya kama juyawa da ita. An gaya mata a asibitin Ƙonni ta riƙa tashi sannu, ta zauna tukuna, ta kafa ido wuri guda har abin ya lafa, kuma da haka take lallaɓa rayuwarta.

Chindo ya faɗi gaban maigari.

"Ranka shi daɗe, ba ni Goggo yini guda. In ba ta tashi ta yi tsalle ba, a ba wani akwatin."

"Ka ji da bakinka," in ji maigari.

Washegari da hantsi gidan maigari ya cika maƙil. Gogan naka ya iso da ƙaton kwando da sabuwar igiya, ya tsuguna gaban tsohuwa.

"Goggo, in ɗakin ya tashi juyawa, dama shika bi ko hauni?"

"Kai ɗan nan, wanda ɗaki ka juyawa da shi, ina yag ga sukunin tambayar hanya?"

"To ɗaga kai mu gani. Maza!"

Baiwar Allah ta ɗaga. Nan take jiri ya ɗebe ta, ta kai hannu ta cafki abin da ya fi kusa, wato gemun lokotoro, furar da ta sha da safe kuma ta sauka a kan takalmansa.

"Alama mai kyau!" in ji Chindo, gemu a hannun mutane. "Cuta ta hwara hita."

Da ya ƙwaci gemunsa, sai ya juya ga jama'a yana bayani.

"Jama'a, ƙwaƙwalwar mutum igiya ta. Jiri kuwa tufka na. To mi am maganin tufka?"

"Warwara!" in ji 'yan kallo, don su ga ƙarshen abin.

Ya ɗaure kwandon a reshen tsamiya. Wai Goggo ta shiga, a murɗa igiyar, a saki, kanta ya warware.

"Ni? Da tsuhwana? Shiga ka gwada min in gani."

Chindo ya dubi maigari, maigari ya dubi kwando. Ba yadda ya iya. Ya naɗe riga ya shige, ya gargaɗi ƙartan da za su murɗa, Labo da Tanimun, kada kowa ya taɓa sai igiya ta gama aikinta. Su kuwa ba su yi rowar ƙarfi ba. Suka murɗa, suka murɗa, har igiya ta dunƙule, kwando ya kusa taɓo reshe, sannan suka saki.

Wallahi sai ka ce mazari! Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Abin da Sarkin Tufka ya manta, igiya in ta gama warwarewa ba ta tsayawa, komawa take ta naɗe ta ɗaya gefen. Ya yi dama, ya yi hagu, ya sake yin dama.

"Ku tsai da ni! Labo, don Annabi!"

"Lokotoro, kai kac ce kada a taɓa!"

Igiyar ce ta ji tausayinsa. Da ma tufkar Chindo ba ta taɓa riƙe akuya ta kwana ba, balle ƙato. Ta tsinke, kwando ya mirgina ya amayo shi tsakar gida.

Amma kar ka ce ya saduda. Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya nufi maigari. Ƙafa ta ɗauke shi gefe guda, ta kai shi turke, ya zube gaban jakin gidan ya dunƙule hannu.

"Ranka shi daɗe, ka ga aiki?"

Daga nan ya kife, ya rungumi ƙasa da hannu biyu yana roƙon a riƙe masa garin.

Goggo Delu ta zauna tukuna, ta miƙe sannu, ta tako har inda yake ba ko tangaɗi.

"Kwanta, lokotoro, kada ka ɗaga kai. Kahwa ido ga turmin can. Saude, kawo wa mijinki ruwa."

Da abin ya ɗan lafa, Chindo ya buɗe ido guda, murya ƙasa-ƙasa.

"Ranka shi daɗe... akwatin hwa?"

Maigari ya share hawayen dariya da bakin rawani, ya nuna turke.

"Tambayi maigarin da kag gaisa da shi. In ya ba ka, ni ma na ba ka."

Jakin ya juya masa baya.